Ziyarar Tewkesbury: Garkuwar Jikanmu da Fentin da Ya Ba Mu Kunya

A wannan wata za mu ɗauke ku zuwa wani ɗan ƙaramin gari na ƙasar Ingila mai suna Tewkesbury, inda muka je a watan Yulin da ya wuce. Abin da ya kai mu kuwa har da neman wanke kanmu daga wani laifi da muka tafka tun daga nan Kumasi, ta wayar tarho.

Ga yadda abin ya faru. Muna da jika a birnin Birmingham, saurayi ɗan shekara 19, haifaffen can, wanda ya shiga wata ƙungiya ta masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen zamanin da. Mutane ne masu aikin yi, wani malamin makaranta, wani direba, wani ma'aikacin asibiti, amma in ƙarshen mako ya zo sai su sa sulke da kwalkwali, su ɗauki takubba marasa kaifi, su yi ta gwabzawa a fili don nuna wa jama'a yadda kakanninsu suka yi. Ƙungiyar jikan namu tana kwaikwayon dakarun wani gidan sarauta na ƙarni na 14 da ake kira Despenser, saboda haka aka ce kowane sabon shiga ya yi garkuwarsa da hannunsa, ya zana tambarin gidan a kanta. Da ya yanka katakonsa sai ya bugo mana waya, ya ce, "Kaka, wane fenti ne ba ya mutuwa?" Mu kuwa da muka shekara arba'in muna shafa wa ƙofar gidanmu ta ƙarfe fenti a Zango, ba mu ko tsaya tunani ba muka ce, "Abokina, nemi fentin mai, mai ƙyalli, irin na ƙofa. In ya bushe ka bi shi da man sheƙi irin wanda kafintoci ke shafa wa kujera. Ruwan Kumasi ma bai ci shi ba, balle yayyafin Ingila."

Yaro ya bi maganar kakansa. Ya gama aiki, ya jingine garkuwa a gareji duk tsawon lokacin sanyi. Da muka sauka Birmingham ya fito mana da ita, sai muka rasa inda za mu sa fuskarmu. Farin da ke jikinta ya koma ruwan ɗorawa, kuma duk inda takobi ya taɓa ta a wajen atisaye fentin ya ɓamɓare kamar ɓawon ƙwai, katako ya fito fili. Bugu da ƙari shugaban ƙungiyarsu ya riga ya gaya masa cewa ba za a rataye wannan garkuwa a gaban tantinsu ba, ba kuma zai fita wasa da ita ba. Duk da haka muka ce a sa ta a bayan mota, a je da ita.

Daga Birmingham zuwa Tewkesbury tafiyar kamar awa ɗaya ce, ka nufi kudu a kan babbar hanyar M5. Garin yana cikin gundumar Gloucestershire, daidai inda kogin Avon ya haɗu da kogin Severn, don haka ruwa ya daɗe yana wahal da shi. A ambaliyar Yulin 2007 sai da babbar majami'ar garin ta zama kamar tsibiri. Gidajen tsakiyar gari tsofaffi ne, na katako baƙi da bango fari, da lunguna matsattsu waɗanda suka tuna mana da namu. Amma abin da zai fara kama idon baƙo a wannan lokaci na shekara shi ne tutoci. Daga saman shaguna da gidaje, titi bayan titi, an rataye tutoci sun haura ɗari, kowace da zanenta: zakuna, tsuntsaye, taurari, layuka a miƙe da a karkace. 'Yan sa-kai na ƙungiyar kula da filin yaƙin garin ne suke zana su da hannu, kuma kowace tuta tambarin wani mutum ce da ya halarci yaƙin da ya sa sunan garin a tarihi.

An yi wannan yaƙi ran 4 ga Mayu, 1471, tsakanin gidajen sarauta biyu masu jayayya a kan gadon mulkin Ingila, wato York da Lancaster. Rundunar Lancaster, tare da Sarauniya Margaret, tana neman ƙetare Severn ta shiga Wales ta haɗu da magoya baya. Birnin Gloucester ya rufe mata ƙofa, sai ta hauro nan a gajiye, Sarki Edward na Huɗu ya cim mata. Aka kashe ɗan sarauniyar, Yarima Edward, yana da shekara 17. Wani fili da ke kusa da kogi har yau Makiyayar Jini ake ce masa. Tun shekarun 1980 mutanen garin suke yin bikin tunawa a ƙarshen mako na biyu na watan Yuli, a wani ɓangare na ainihin filin da aka yi yaƙin, kuma masu kwaikwayo suna zuwa daga ƙasashen Turai da dama.

Wani abu da muka lura da shi shi ne, a babban kwaikwayon na 1471 ba ka ganin garkuwa da yawa. A wannan zamanin manyan mayaƙa sun riga sun rufe jiki da faranta na ƙarfe tun daga kai har ƙafa, suna riƙe makami da hannu biyu, garkuwa ta rage amfani, tambari ya koma kan tuta da riga. Garkuwoyin da muka gani suna wajen sansani ne, a gaban tantuna, da hannun ƙungiyoyi masu kwaikwayon ƙarnonin da suka gabata, irin ta jikan namu, da kuma kasuwar da ake ci a gefen fili.

A kasuwar nan muka sami wani dattijo mai sana'ar garkuwa, hannuwansa duk fenti. Jikanmu ya miƙa masa tasa yana sunkuyar da kai. Dattijo ya juya ta gaba da baya, ya sa farce ya ɗaga wani ɓamɓaro, ya ce, "Wa ya ba ka shawarar fentin ƙofa?" Muka ce, "Mu ne." Ya yi dariya, ya ce, "Yallaɓai, ba ku ne na farko ba. Ƙofa ba a saranta da takobi."

Daga nan ya ja mana benci. Ya ce fentin mai irin na ƙofa yana bushewa ya yi tauri kamar tangaran, alhali kuwa garkuwar katako tana lanƙwasa kaɗan duk lokacin da aka doke ta, tana kuma kumbura da laima ta tsuke da rani. Abu mai tauri a kan abu mai motsi dole ya tsage. Sa'an nan yaron ya shafa shi kai tsaye a kan katakon filawud mai santsi, babu abin da fentin zai kama. Game da farin da ya juye kuwa, ya ce laifi biyu ne suka haɗu: farin fentin mai yana yin rawaya in an ajiye shi a duhu, ga gareji watanni biyar; man sheƙin da aka bi shi da shi kuma tun daga gwangwani launin zuma gare shi.

Mu dai a zatonmu wannan ƙaramin aibi ne, fari ya ɗan yi dauɗa, shi ke nan. Sai dattijon ya nuna mana cewa shi ne babban. Tambarin Despenser an raba shi gida huɗu: biyu farare, biyu jajaye masu zanen raga na ruwan zinariya, sa'an nan baƙin layi mai faɗi ya ratsa a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya ce wa yaron ya ɗauki garkuwar ya yi taku hamsin ya tsaya. Da muka duba daga nesa, ragar ta ɓace wa ido, abin da ya rage rawaya da ja da baƙin layi. Ya ce, "To, wannan tambarin gidan Clavering ne, wani gida dabam. Jikanku ya sauya ubangida bai sani ba."

A nan ne muka fahimci abin da ya sa shugaban ƙungiyar ya ƙi sassautawa. Tambari a wurin Turawan wancan zamani suna ne da ake karantawa daga nesa, domin mutumin da ya rufe fuska da kwalkwali ba a gane shi sai da alama. Launukansa ƙididdigaggu ne. Akwai biyu da suke kira ƙarafa, wato zinariya da azurfa, waɗanda ake zanawa da rawaya da fari. Akwai kuma ja, shuɗi, kore, baƙi da shunayya. Ƙa'idar ita ce ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, ba a ɗora launi a kan launi, don zane ya fito sarai. Akwai ma'aikata na musamman masu haddace tambura da asalin gidaje, kusan yadda sankira yake riƙe da sunaye da kirarin sarakuna a fada. Ƙanen Sarki Edward, wato Richard, wanda ya yi yaƙin Tewkesbury yana ɗan shekara 18, shi ne bayan ya hau gadon mulki ya ba waɗannan ma'aikata takardar kafa hukumarsu a 1484, kuma hukumar tana nan a Landan har gobe. Mai karatu da ke da fasfo a kusa ya duba tambarin Ghana, wanda Amon Kotei ya zana a 1957: garkuwa shuɗiya da koren gicciye a tsakiya. Kore a kan shuɗi ya saɓa wa ƙa'ida, shi ya sa aka zagaye gicciyen da siririn layi na zinariya. Shekara da shekaru muna kallon layin nan, mun ɗauka ado ne.

Kuskuren karanta alama kuwa ya taɓa cin rayuka, makonni uku kacal kafin yaƙin wannan gari. A yaƙin Barnet, ran 14 ga Afrilu, 1471, an yi hazo mai kauri. Dakarun Oxford, waɗanda alamarsu tauraro ne mai haskoki, suka dawo fagen fama, sai abokan tafiyarsu suka ɗauka rana ce mai haskoki, alamar Sarki Edward, suka yi musu ruwan kibau. Aka yi ta ihun cin amana, runduna ta watse, Edward ya ci nasara.

Muka tambayi dattijon, to su mutanen da, da me suke shafawa? Ya ce tambayar da ta fi ita ce, a kan me suke shafawa. Suna zaɓen itace mara nauyi, su manne alluna, su lulluɓe da ƙirgi ko kyallen lilin, sa'an nan su dama alli da gam ɗin da aka dafa daga fata, su shafa sau da yawa, su goge har ya yi sumul. A kan wannan farar shimfiɗa ake zane, da garin launi da aka kwaɓa da gwaiduwar ƙwai, ko gam, ko mai. Wani ɗan zuhudu da ya kira kansa Theophilus ya rubuta wannan hanya tun ƙarni na 12, har da yadda ake haɗa gam daga cuku da farar ƙasa, wanda laima ba ta sakinsa. Wajen shekara ta 1400 kuma wani mai zane na Italiya, Cennino Cennini, ya yi littafi a kan shimfiɗar alli da fentin ƙwai. Garkuwar Baƙin Yarima, wanda ya rasu a 1376, tana nan a babbar majami'ar Canterbury, itace da kyalle da alli da fata. Siffar zakuna da furanni tana nan a jikinta, amma launin ya kusa ƙarewa.

Domin su ma launukan da ba duka ne masu amana ba. Jan da ake yi da zaiba da farar wuta yana iya yin baƙi a rana. Koren da ake samu daga tsatsar jan ƙarfe yana komawa ƙasa-ƙasa. Ganyen azurfa yana dushewa ya yi baƙi, har farin tambari ya zama baƙin tambari. Shuɗi mafi kyau daga wani dutse ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a Badakhshan ta Afghanistan, tsadarsa kuwa sai sarakuna, har sai da aka gano yadda ake haɗa irinsa a Faransa a shekarun 1820. Waɗanda suka fi daɗewa su ne masu araha: jar ƙasa, rawayar ƙasa da baƙin gawayi. Wasu kuma guba ne, irin farin darma, don haka dattijon ya ce ko kyauta aka ba shi ba ya so.

A sansanin akwai masu ra'ayin cewa in za ka kwaikwayi mutanen da, to ka kwaikwaye su har cikin kaskon fenti. Mun ga garkuwa guda da aka yi da alli da ƙwai, wallahi ta fi sauran kyau, launinta a kwance, ba ƙyalli. Amma mai ita ya amsa cewa fentin ƙwai yana ɗaukar watanni kafin ya yi ƙwari, shimfiɗar alli da gam ɗin fata kuma ba ta son jiƙaƙƙiyar ciyawa, don haka rataye ta yake yi, ba ya fita fili da ita. A ganinmu nan maganar ta rabu: garkuwar kallo dabam, garkuwar duka dabam, kuma saurayi ɗan makaranta da ke da garkuwa ɗaya tak ba shi da halin yin ta kallo.

Ga ta duka, abin da dattijon ya ba da shawara shi ne fentin akirilik, irin na masu zane, wanda ake tsarmawa da ruwa. Ya shiga kasuwa ne a shekarun 1950. In ya bushe ruwa ba ya wanke shi, kuma yana zama kamar siririyar roba mai bin motsin katako. Ya ce a goge katako da samfefa, a manne kyalle mai kauri da gam ɗin kafinta gaba da baya, don in gefe ɗaya aka yi katakon zai karkace. A jiƙa ƙirgi ya yi laushi, a naɗe bakin garkuwar da shi a ɗinke, in ya bushe zai tsuke ya kama gam-gam. Bakin nan shi ke shan mafi yawan sara. Sai farar shimfiɗa, shafi biyu ko uku marasa kauri. Sai launi, a fara da masu haske a ƙare da baƙi, kuma ja da rawaya suna bukatar fari a ƙarƙashinsu in ana so su fito. A duba jikin kwalbar a ga alamar jure hasken rana. A guji fentin zinariya mai walƙiya, domin daga nesa ƙasa-ƙasa yake zama, rawaya zalla ta fi shi. Daga ƙarshe a rufe da man kariya na ruwa mara ƙyalli, wanda ba ya juyewa. Kada a yi aikin a gareji mai sanyi, don akirilik ba ya kamawa da kyau in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10. Bai ɓoye aibinsa ba: yana laushi da zafi, yana kama ƙura, in ka jingina garkuwa biyu fuska da fuska a bayan mota da rana za su manne.

Muka ce, to wannan shi ne wanda ba ya mutuwa ke nan? Ya girgiza kai. Ya ce babu fentin da takobi ba ya ci, shi dai yana zaɓen wanda zai karce maimakon ya ɓamɓare, wanda kuma za a iya yi wa faci da yamma a fita da shi da safe. Ya buɗe akwati ya nuna mana ƙananan kwalabe, kowace da sauran launin da ya haɗa wa wata garkuwa, da sunan mai ita a murfi.

Kafin la'asar muka shiga babbar majami'ar garin, wadda aka keɓe a 1121. Lokacin da Sarki Henry na Takwas yake rushe gidajen 'yan zuhudu, mutanen garin suka tara fam 453 suka saye ta, shi ya sa ta tsira. A nan aka binne Yarima Edward, kuma a rufin da ke sama da wurin an sa zanen ranar gidan York, wato alamar waɗanda suka kashe shi. Akwai wata ƙofa da mutanen garin ke cewa an lulluɓe bayanta da ƙarafan sulken da aka tsinto a filin yaƙin. Mu dai abin da muka zo gani yana can sama, a tagogin gilashi na wajen 1340, inda aka zana iyayen gidan wannan gari tsaye cikin kayan yaƙi, kowa da tambarinsa a riga. Jikanmu ya nuna mana na Despenser. Kusan shekara 700 ke nan, farin yana nan fari, jan yana nan ja. Ya matso kusa da kunnenmu ya ce, "Kaka, wannan ba fentin ƙofa ba ne." Muka ce, "Abokina, a wurin ibadar mutane muke, ka bari mu fita."

Ran nan da garkuwar aro ya yi wasansa, baƙa wuluk, ba tambari. A babban kwaikwayo kuma ya shiga sahun 'yan ƙasa da doguwar sanda mai kan ƙarfe, aka kashe shi tun ba a je ko'ina ba, ya kwanta cikin ciyawa har aka tashi.

Sauran kwana goma sha biyu mu komo gida, saboda haka washegarin komawarmu Birmingham muka kama aiki. Akirilik ba ya zama a kan fentin mai, dole sai da muka kankare tsohon duka, kwana biyu muna gurza a bayan gida da kyalle a hanci. Kuɗin kyalle da gam da ƙirgi da fenti mu muka biya, ba wanda ya ce mu biya, ba kuma wanda ya hana mu. Uwar yaron ta ba da teburin cin abinci don a samu ɗumi, da sharaɗin a shimfiɗa jarida. Ragar zinariyar nan ita ta fi ba mu wuya. Sai da muka tuna yadda masu rubutun jikin tirotiro suke jan layi da zare da alli kafin su sa buroshi, muka yi haka, ta fito daidai.

Ana gobe za mu tashi, yaron ya riƙe garkuwa a tsakar gida, ya miƙo mana takobinsa, ya ce, "Kaka, sara." Muka sara sau uku iyakar ƙarfin tsufa. Na ukun ya bar shaida a kan farin gida na sama, siririn karce kamar tsawon yatsa, babu abin da ya faɗo ƙasa. Ya ɗauko 'yar kwalbar farin da ya ajiye ya shafe wurin, sa'an nan ya tafi ƙarshen layinsu ya ɗaga ta sama, muna tsaye a bakin ƙofa. Gida biyu farare, biyu jajaye, baƙin layi a karkace. Ya ɗauki hotonta ya aika wa shugaban ƙungiyarsu, amsa ta zo muna cikin ɗaure kaya: ya kawo ta atisaye ran Lahadi.